Numfashin 'Ya'yan Manaja

Duk wanda ya shiga motar haya a shekarun nan ya ji muryar 'ya'yan Manaja, ko yana so ko ba ya so. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yadda muryar ta iso kunnensu. Ni na sani, kuma zan faɗa, don na gaji da jin masu cewa wai sa'a ce.

Manaja ba manajan komai ba ne. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi, maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, saboda yadda yake tasa 'ya'yansa uku a gaba zuwa wuraren biki, jakar wayoyi a kafaɗa, yana ta zuba umarni. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, ita ke jan waƙa. Dogo, namijin, shi ke kaɗa piyano. Auta kuwa amshi take yi, a laɓe bayan yayarta don kunya. Uwarsu ke ɗinka musu kaya iri ɗaya a kekenta da ke falo. Kuma wallahi yaran sun iya, ba son kai ba.

Sai dai iyawa daban, tashe daban. Duk ƙarshen mako gidan rediyo kan karanto jerin waƙoƙin da suka fi tashe, daga ta ƙasa har ta ɗaya, Manaja na zaune da rediyo a cinya har a gama, bai taɓa jin tasu ba. Ya kai waƙoƙi kamfanoni, a ce ya bar wa maigadi. Abin ya zame masa ciwo, ya daina jin daɗin muryar 'ya'yan nasa ma, sai lissafin wa ya fi su. Ranar da Yaya ta ce za ta nemi aiki a shagon sayar da waya, ranar ya je wurin wani tsohon makaɗi ya karɓi kwatancen boka.

Da tsakar rana ya je, can ƙarshen kasuwa, bayan wani shago da aka jibge matattun sifiku. Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle ya rufe bango, hayaƙi mai ɗaci ya tsaya a sama ya ƙi fita. A kan katakai an jera kwalabe, kowace an toshe bakinta da kakin zuma an naɗe da baƙin zare. Ba komai a cikinsu, amma gilashin na raɓa daga ciki kamar an huci a kansa. A tsakiyar ɗakin akwai wata tsohuwar sifika da busasshen jini da gashin tsuntsu suka manne wa. Ba waya a jikinta, amma fatar bakinta na shiga tana fita a hankali. Manaja ya gani da idonsa, kuma bai juya ba.

"Zauna, mai 'ya'ya," in ji bokan, wani siririn mutum mai shaƙaƙƙiyar murya. "Ta ɗaya kake so."

"Ita nake so, ranka ya daɗe. Amma bari in faɗa tun yanzu: ban da jini, ban da rai. 'Ya'yana ne."

"Wa ya ce maka jini? Kai dai ka cika jin labarai." Bokan ya yi dariya ba sauti. "In yarinya na waƙa a sutudiyo, tsakanin baiti da baiti me take yi?"

"Numfashi take ja."

"Ina kuke kai shi?"

"Mai haɗa sauti ke yanke shi a kwamfuta, don waƙar ta fita sumul. Gogewa ake yi."

"To sharar nan nake so. Duk waƙar da kuka yi, ka tattaro min abin da aka yanke."

Manaja ya juya maganar a ransa yana neman tarkon. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba abin da zai same su?"

"Ni ba zan taɓa su ba. Ko gidanka ban sani ba."

Ya fito yana murmushi, yana ganin ya yi wa boka wayo.

A sutudiyo mai haɗa sauti ya nuna masa abin a fuskar kwamfuta: 'yan ƙananan tudu tsakanin manyan layukan murya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, ya zuba masa a waya yana dariya. "Manaja, har numfashi za ka ajiye na tarihi?"

Da ya koma, bokan ya sa shi ya kunna a gaban sifikar nan, ya riƙe buɗaɗɗiyar kwalba da hannunsa. Sai ga numfashin Yaya a jere ba waƙa, hah, hah, hah, kamar wadda aka biyo da gudu. Kwalbar ta yi ɗumi a tafin Manaja, bokan ya fizge ya toshe.

Waƙar ta fita, ta shiga jerin daga ƙasa, ta yi ta hawa har ta zauna a ta ɗaya ta ƙi sauka. Kamfanin da ya taɓa haɗa shi da maigadi ya aiko mota. Suka bar gidan haya, aka kai keken ɗinki sito, aka cika falo da kofunan yabo. Masu tsokana suka koma kiran sa Manaja da ladabi, har da rusunawa. Duk sabuwar waƙa, sai ya ɗauki wayarsa ya nufi ƙarshen kasuwa. Har wata waƙa da Auta ta ja ita kaɗai, karon farko da ta yarda ta fito gaba, ita ma ya kai numfashinta, kamfani ya ajiye waƙar sai lokacinta ya yi.

Yaya ta fara haki a matakalar bene. Daga nan sai a zaune ma. Likitoci suka ɗauki hoton ƙirji suka ce huhunta ya fi nasu lafiya. Uwarta ce ta fara lura cewa abin ya fi tsananta da safe lokacin da mutane ke fita aiki, da yamma lokacin da suke komawa.

"Baban yara, ciwon nan kamar ya san agogo," ta ce.

"Gajiya ce," ya ce, bai kalle ta ba.

Wata yamma ta shiɗe, suka sa ta a mota sai asibiti, suka faɗa cunkoso. Motar dama na kunna waƙarta. Ta hagu ma ita. Mai sayar da ruwa a tsakanin motoci ita ce a wayarsa. Yaya na kwance a cinyar uwarta, bakinta a buɗe, tana jan iska iskar ba ta shiga, muryarta kuwa na fitowa daga ko'ina, baiti na bin baiti ba tsayawa. Manaja ya danna oda har hannunsa ya sage. Kafin motoci su motsa ta cika.

Ko zaman makoki bai gama ba ya koma wurin bokan, ya faɗi a gabansa.

"Ka ce ba za ka taɓa su ba!"

"Na taɓa?" Bokan ko gezau. "Mai 'ya'ya, ka taɓa ganin wanda ya yi waƙa bai numfasa ba? Ka cire wa waƙa nata ka kawo min. Duk sanda wani ya kunna ta, dole ta ja daga wani wuri. Sai ta ja daga mai muryar."

"Ba ni kwalaben!"

"Ga su nan, fasa. Iska ce za ta fita, kuma ba ta san hanyar gida ba."

"To ɗauki nawa. Don Allah ɗauki nawa, ka bar min Auta."

"Kai waƙa kake yi? Wa zai kunna ka?" Ya juya masa baya. "Magani ɗaya ne: kada kowa ya saurara. Ai kai ka roƙa su saurara."

A gida ya faɗa wa matarsa komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, kuma daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Dogo na bakin ƙofa ya ji. Shi hannu ne aikinsa, ba a taɓa yanke masa numfashi ba, amma kansa bai ɗauka ba. Ya fita titi yana fizge wayoyin mutane, yana fasa sifikun shaguna da dutse, yana ihu a kashe, a kashe. Aka yi masa duka, aka ɗaure, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Sannan kamfani ya sanar zai saki waƙar Auta don tunawa da marigayiya.

Manaja ya je ofishinsu ya durƙusa a kan kafet. Shugaban ya ɗaga shi da tausayi, ya ba shi ruwa, ya ce, "Baba, waƙar tamu ce yanzu, kuma jama'a na jira. Je ka huta." Ya je sutudiyo a mayar da numfashin, mai haɗa sauti ya ce an goge tuntuni, waƙar ma ta riga ta tafi. Ya shiga gidan rediyo ya roƙi duniya da hawaye kada a saurari 'yarsa. Mutane suka ce Allah sarki, uba ne, baƙin ciki ya taɓa shi. Suka yaɗa kukan nasa a wayoyi, aka ɗora masa waƙar a ƙasa, wanda bai san da ita ba ma ya nema.

Aka kwantar da Auta, aka sa mata robar iska. Manaja ya kashe talabijin ɗin ɗakin, ya rufe tagogi, ya roƙi masu jinya su yi shiru. Duk a banza, kuma ya sani. Ana kunna ta a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Ya zauna ya zuba wa ƙirjinta ido, yana ganin yadda yake faɗawa, ba abin da zai iya riƙewa, ba wanda zai iya bugu.

Ranar ƙarshen mako da hantsi ta buɗe ido. Ba wanda ya gaya mata komai, ita duk zatonta ciwon yayarta ta ɗauka. Ta janye robar da ƙyar.

"Baba... ta nawa... na zo?"

Sai ga wata nas ta turo ƙofa, fuskarta cike da fara'a, da niyyar faranta wa mara lafiya.

"Baba, barka! Yanzu aka faɗa, Auta ce ta ɗaya!"

Yarinyar ta yi murmushi, ta kalli ubanta don ta ga ya ji daɗi. Tana kallon sa hannunta ya saki.

Manaja na nan da rai. Bai haukace ba, ko wannan sauƙin bai samu ba. Yana yawo da auduga a kunne, amma bakin mutane yake gani yana bin baitin.

Kai da ke zaune kana jin haushin ɗaukakar wani, kana ganin naka ya yi jinkiri, ka ji ni da kyau. Boka ba ya karɓar shara. In ya ce ka kawo abin da ba ka so, to ya riga ya ga abin da kai kwaɗayi ya rufe maka ido ba ka gani ba. Manaja ya shiga ɗakin bokan nan yana da 'ya'ya uku masu rai, masu murya, masu son sa. Ya ga bai ishe shi ba.