Wasiƙar da Na Mayar Ban Karanta Ba

"Malaminmu ya daina dariya tun ranar da aka dawo masa da wasiƙarsa da jan layi. An ce Sakkwato zai koma..."

Wata ɗalibata 'yar aji bakwai ce take karanta wa aji saƙon ƙawarta ta Ngaski. Allin hannuna ya suɓuce ya faɗi.

Malamin nan Yusha'u ne.

Ni da shi muka fito da dabarar, bayan mun haɗu a kwas ɗin malamai a nan Yelwa. Yarana su rubuta wa nasa, nasa su amsa, kowa ya koyi rubuta wasiƙa da gaske. A ƙasan kowane ƙunshi yakan bar min ɗan layi: "Rahamatu, yau kogi ya yi shiru, sai na tuna muryarki." Sai in wuni ina murmushi kamar wata sakarai.

Amma ni Malama Rahamatu ina da doka, kowa ya san ni da ita. Wasiƙar da ba adireshi a samanta ba na karanta ta. Jan layi ɗaya, in mayar. Mako uku da suka wuce na yi wa guda ɗaya haka, ban ko dubi hannun da ya rubuta ba.

Ana tashi na nufi bakin kogi wajen Sallau, akawun da ke ɗaukar mana takardu a jirgin ma'aikatan madatsar ruwa ta Kainji. Shi ma ya daɗe yana zarya gidanmu neman aurena.

"Sallau, Malam Yusha'u ya ba ka takarda ta daban?"

Ya kau da kai yana gyara agogo.

"Ya ba ni. Na cire ambulan na cusa ta cikin na yara, ai duk makaranta ce."

"Ka san dokata."

"Na sani mana. Ke kika ja layin, ba ni ba."

Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa.

A gida Inna ko a jikinta.

"To mi? Bagungen nan, ɗan tsibirin da ruwan madatsa ya cinye garinsu? Ina za shi aje ki, cikin kwalekwale?"

"Inna, ko ba aure, na wulaƙanta mutum ban sani ba. Ki bar ni in ba shi haƙuri..."

Ta daɗe tana kallona ina kuka.

"Ɗiyata ba ta bin namiji ita kaɗai. Gobe da asuba ki ɗauko min mayafi."

Da hantsi muka isa sabon ƙauyen da aka gina wa mutanen tsibiri, ɗakunan siminti jere, duk kama ɗaya. Muka same shi yana ɗaure littattafai da igiya. Ya durƙusa ya gaida Inna, ni ko kallo ban samu ba.

"Malam... ban karanta ba. Wallahi ban san taka ce ba. Na ga ba adireshi ne kawai."

Ya zaro takardar daga aljihu, duk ta yi laushi don ninki.

"Na riƙe alƙalami na rasa adireshin da zan sa, Rahamatu. Nan ko suna ba a raɗa masa ba. Ku zo ku ga wanda na sani."

Shi ya tuƙa mu a kwalekwale. Tafkin ya kwanta lumui, gizagizai na tafiya a cikinsa, har na rasa ko sama muke ko ruwa. Can tsakiya ya ɗaga filafili, kusa da kan wata tsamiya da ya leƙo, balbelu sun cika shi.

"Ƙarƙashinmu gonar albasar Baba ce. Nan dama kuma kabarin mahaifiyata."

Inna ta daina mita.

"Karanta min," na ce.

Ya buɗe takardar ya fara.

"Hasken idona, ba ni da gida sai wanda gwamnati ta ba ni, ba ni da gona. Ina da allo, da yara talatin, da zuciyar da ba ta jin magana a kanki. Idan kin yarda, zan nemi aurenki. Idan ba ki yarda ba, ki dawo min da takardar, ba sai kin ce komai ba."

Ashe abin da na yi masa ke nan. Na rufe fuska da mayafi don kunya.

"Ba ni abata," na ce a hankali, na miƙa hannu.

Ya ba ni, na ƙulle ta a bakin zanena.

Inna ta sunkuya ta tsoma hannu a ruwan, ta yi wa mamaciyar addu'a, ta shafa. Ta share ido da gefen mayafi.

"Yaro, tun da babu mai yi maka lefe, ni zan yi. Turo kawunnanka ranar Jumma'a."