Inuwar da Farantin Sola Ya Sha

Duk wanda ya san Tudun Wada shekarun baya kaɗan ya san shagon Isiyaku mai sola. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu, zuciyarsa ce ba ta ƙoshi. Yana haɗa ƙananan farantan sola masu naɗewa, irin waɗanda soja ke jefawa a jaka ya shiga daji, ya shimfiɗa a rana ya yi cajin rediyon oba-oba da tocila. Da ya ji wani ɗan kwangila na neman mai kawo wa sojoji irinsu, kuma ana raɗe-raɗin wani abokin sana'arsa, Onuora na bakin titi, za a ba, sai hankalinsa ya tashi. Bai yarda aikin Onuora ya fi nasa ba. Shi dai a ransa, akwai wata a ƙasa.

Wata Laraba da rana tsaka ya nufi wurin wani boka a bayan duwatsu. Ɗakin ba rufi, amma haske ba ya sauka cikinsa. Baƙar tukunya a tsakiya, an ɗaure wuyanta da jan ƙyalle, ga fasassun madubai an kife su a ƙasa, ga ƙarni, ga ƙudaje. Bokan bai tambayi sunansa ba, yadda yake gwada faranti ya tambaya. Isiyaku ya ce yakan shimfiɗa shi a rana, ya jona mita, ya tare hasken da hannu, in wuta ta sauka ta sake hawa to lafiya lau.

"Daina sa hannu," in ji boka. "Ka sa wani na gidanka ya gifta, inuwarsa ta faɗa kai. Farantinka zai kawo wuta ko hadari ya rufe gari kwana bakwai."

"Me za a ɗauka?"

"Inuwa."

"Ba jini?"

"Ka ji na ambaci jini?"

Isiyaku bai yarda da shi ba ko kaɗan. Amma maimakon ya fasa, sai ya ƙudura cewa tasa inuwar dai ba za ta taɓa faranti ba. Ka ji wayon banza.

Kwangila ta faɗo hannunsa. Sojoji suka yi ta yabon kayansa, ya sayi mota, ya ɗora bene. Matarsa Bahijja ce kaɗai ta kasa sakin jiki. Me ya sa gwaji ya bar shago ya dawo tsakar gida? Me ya sa kullum sai ya shimfiɗa faranti yake kiran mahaifiyarsa, Inna Ishatu, ko 'yarsu Zinariya, wai su miƙo masa ruwa? In ta tambaya, ya hau ta da faɗa, ya ce 'yan baƙin ciki ne ke zuga ta.

Inna ce ta fara. Ana tsananin zafin bazara tana rawar sanyi cikin bargo biyu, likita ya duba bai ga komai ba, ta cika. Da damina ta kama, Zinariya ta kwanta. Wata la'asar Bahijja ta fito da ita ta sha rana, sai ta ga inuwarta ita kaɗai a bango, ta yarinyar kuwa dishi-dishi kamar ta hayaƙi. Ta juyo ta dubi mijinta.

"Baban Zinariya, me ka sayar?"

Tsoro ya kama shi. Bai ko sa takalmi ba ya koma wurin boka, yana kuka yana roƙon a kwance. Boka ya ce abu mai sauƙi, ya tattaro farantan duka ya kawo. Ina zai gan su? Suna can warwatse a dazuzzuka, a bayan sojojin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kuma duk ranar da hadari ya rufe rana, daga jikin 'yarsa suke sha. Ya juya zai fita, boka ya ce, "Af, kai da kake sunkuyawa kana duba mita, inuwar wa ke kan farantin?"

Kafin ya iso gida an fara yayyafi, ya tarar ana salati. Bahijja ta bar gidan ranar sadakar uku, benen ya zama kango.

Isiyaku na nan har yau a gindin wani turken wuta, yana karkarwa cikin rana, yana roƙon masu wucewa su gaya wa sojoji su kashe oba-oba. Masu acaɓa sun daina tsayawa kusa da shi, don sun lura ba shi da inuwa.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya kyauta, kuma abin da ya ce maka ba komai ba ne, shi ne duk abin da kake da shi.