Tsohuwar Ƙarfe Mai Tsatsa a Baya

Akwai wata yarinya a Daura, 'yar aji shida. Tana da ƙoƙari, amma in ta kama biro ba ta jin kiran kowa.

Ran nan Malama Rahama ta ba su aiki. Ta ce, "Kowa ya ɗauki tatsuniyar da ya sani, ya mai da ita labarin 'yan sama jannati."

Yarinyar ta zaɓi wadda Kaka take yi mata, ta marainiyar da ta cuɗa wa wata tsohuwa baya a bakin rafi, ta sami alheri. Sai ta sa marainiyar a cikin kumbo, ta kai ta duniyar wata. Tsohuwar kuwa ta mai da ita ta ƙarfe, bayanta duk tsatsa.

Tana cikin rubutu Kaka ta kira ta daga ɗaki. "Ƙawata, zo ki shafa mini man zafi a baya."

"Kai, Kaka! Ina aiki. Anjima."

Anjima ta zama gobe, gobe ta zama jibi.

Ran Laraba ta dawo daga makaranta, ta tarar ba kowa a ɗakin Kaka. Ga tabarma a shimfiɗe, ga kwalbar man a gefe.

"Mama, ina Kaka?"

"Jikin ya yi tsanani. Babanki ya kai ta asibiti a Katsina."

"Yaushe za ta dawo?"

Mama ta goge ido. "Sai dai addu'a."

Tsoro ya kama yarinyar, kada Kaka ta rasu ba ta nemi gafararta ba. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Washegari ta karanta labarinta a aji, aka yi ta tafi.

Malama ta ce, "Me ya sa marainiyar ta tsaya goge tsatsar, alhali tana sauri?"

Ta ce, "Don hannun tsohuwar ba ya kaiwa bayanta." Sai ta fashe da kuka, ta faɗa wa Malama komai.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Tsohuwar ƙarfe tana duniyar wata. Taki tana Katsina. Wacce ta fi kusa?"

Ran Asabar yarinyar ta roƙi Baba ya tafi da ita. Duk hanya tana rungume da kwalbar.

Kaka ta rame ƙwarai, amma da ta gan ta sai ta yi murmushi. "A'a, anjimar ce ta iso?"

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. To, ga bayan nan, bai je ko'ina ba."

Ta yi ta shafawa a hankali, hawaye na zuba.

Bayan mako biyu aka sallamo Kaka, gida ya cika da murna. Daga ranar yarinyar ta gane rubuta alheri a takarda ba shi da wuya, aikata shi ne abin yabo. In babba ya kira ka, ka amsa tun yana nan.