Ta'aziyyar Direba Mani

Ranar wata Juma'a, kasuwar Dogon Dutsi ta cika, Salman na zaune bakin tasha da 'yan littattafansa jere a kan tebur, sai wata budurwa ta tsaya a gabansa riƙe da fitowar watan jiya.

"Kai ne mai zana Direba Mani?"

"Ni ne."

"Babana ya ce in gaya maka, ba a kwara wa injin mota ruwan sanyi yana tsakiyar zafi. Ya ce in Mani ya ƙara, motarsa fijo ba za ta sake ganin Dogon Kiriya ba."

Salman ya ɗaga kai don ya yi dariya, amma da suka haɗa ido sai ya fasa.

Shekara tara ke nan yana fitar da wannan ɗan littafin zane, wanda 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ke kira bede, sau ɗaya kowane wata. Mani direba ne mai ƙaton ciki da tsohuwar mota, kullum a hanya, kullum cikin rigima da fasinja, amma bai taɓa barin kowa a daji ba.

Budurwar ta ce sunanta Mardiyya, daga Tibiri take. Mahaifinta, Baba Shu'aibu, ya yi shekara talatin yana tuƙi kafin yanar ido ta rufe masa gani. Ita ke karanta masa littafin, tana kwatanta masa kowane hoto.

"Yakan ce duk ranar da Mani ya fita, shi ma ya fita," in ji ta.

"To ba ni lambarki, don in riƙa tambayar Baba kafin in ɓata masa mota."

"Baba za ka tambaya?" Ta yi murmushi, ta ba shi.

Tambayoyin mota ba su yi sati biyu ba suka ƙare, saƙonni kuwa suka ci gaba.

"Mai Karatu, yau na zana mata uku a bayan motar Mani, duk sun fito da idonki. Na goge, sun sake fitowa."

"Mai Fensir, ka bar su. Amma in Baba ya tambaye ni kamarsu, mi zan ce?"

Da maganar ta isa gida, Baba Shu'aibu ya yi murna. Mahaifiyarta, Inna Rakiya, ita ce ta ɗaure fuska.

"Mai zanen 'yan mutane shi zai riƙe miki gida? Ga Abdurrazak ɗan ƙawata, da shagonsa da injinansa."

Abdurrazak ɗin nan shi ke buga wa Salman littafin. Kuma maganar Inna ba ta rasa gaskiya ba, domin tun da waya ta shiga hannun kowa masu saye suka ragu. Salman ya riƙa komawa gida da rabin kayansa.

Wata rana a shagon, Abdurrazak ya dafa kafaɗarsa.

"Abokina, kashe Mani."

"In kashe wa?"

"Haka masu manyan bede na ƙasashen waje ke yi. In kasuwa ta yi sanyi sai su kashe gwarzon, kowa ya ruga ya saya. Bayan wata uku su ce ashe bai mutu ba, a sake rugawa. Ciniki biyu ke nan. Ko ba ka son surukarka ta ga kai ma wani ne?"

Salman ya yi kwana uku yana juya maganar. Ya tuna Baba Shu'aibu, sai ya ce wa kansa ai wata uku ne kawai. Bai shawarci Mardiyya ba, don ya san abin da za ta ce.

A fitowar tsakiyar damina, ƙorama ta kawo ruwa, ta rutsa da motar Mani. Ya fitar da fasinjansa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya tafi da shi. Shafin ƙarshe hularsa ce kaɗai a kan ruwa.

Kafin la'asar tebur ya zama wayam. Sau uku aka sake bugawa. Har daga Kore Mairuwa direbobi ke zuwa da saƙon a saya musu.

Washegarin fitowar littafin saƙon Mardiyya ya shigo.

"Na karanta masa har shafi na goma sha ɗaya, sai na yi shiru. Ya ce in ci gaba. Ban taɓa yi masa ƙarya a karatu ba, Salman. Tun jiya bai taɓa tuwo ba. Ya ce wanda ya kashe abokin tafiyarsa na shekara tara don a sayi takarda, ba zai ba shi ɗiyarsa ba."

Ya rubuta mata: "Mai Karatu, dabara ce kawai. Zai dawo bayan wata uku."

"Wannan ya fi muni. Kada ka kira ni. In na ji muryarka ba zan iya bin maganar Baba ba."

Daga nan shiru.

Gero ya yi kai, ya nuna, ba saƙo. Kowace Juma'a Salman na duban motocin Tibiri suna sauke mutane, yana bin kowane mayafi da ido har ya shige kasuwa. Yakan rubuta mata "Ina kewarki" ya goge. Yakan buɗe tsofaffin saƙonninta ya karanta a hankali, kamar mai tsoron su ƙare. Ya ɗauki fensir, ba abin da ke fitowa. Sai a lokacin ya gane shi ma ya yi rashi, domin tun yana ɗan shekara goma sha bakwai bai taɓa wayar gari ba Mani a kansa ba.

Sannan ya ji labarin iyayen Abdurrazak sun kai goro Tibiri.

Abdurrazak bai ko ji kunya ba. "Kowa da sa'arsa, abokina. Kai dai fito da Mani yanzu, ka ce wani makiyayi ne ya tsamo shi."

Salman ya zana hakan. Ya dubi Mani a takarda yana dariya kamar ba abin da ya faru, sai ya ji kamar gawa ya sa wa riga. Ya yaga.

Da hantsi Ummu mai fura, wata dattijuwa da ke kusa da teburinsa, ta miƙo masa kwano.

"Ɗana, ban yi maka gaisuwa ba. Ya haƙurin Mani? Mutumin kirki ne, wallahi."

Ba da wasa ta faɗa ba. Salman ya ajiye ludayin. Kusan wata biyu yana neman hanyar yi wa Baba Shu'aibu bayani, alhali abin da ake yi wa wanda ya yi rashi daban ne.

Ya shiga motar Tibiri.

Ya tarar da tsohon a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, ya rame. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Wa ke nan?"

"Salman ne, Baba. Gaisuwa na zo. Ya haƙuri?"



"Da godiya," in ji tsohon. "Ka zo ka tashe shi ne?"

"A'a, Baba. Na zana, na yaga. Tsoron rasa Mardiyya ya sa na sayar da shi. Ba ni da wata hujja."

"Da ka tashe shi, da ban ƙara sauraronka ba. Ni na binne abokan hanya da hannuna, ba wanda ya dawo bayan wata uku." Ya share idonsa da bakin riga. "Amma ya mutu kamar direba, wannan na yarda. Shi ne na ƙarshen barin mota."

A bayan dangar zana, ƙarar daka ta tsaya.

"Kai yaro, ka san inda Mani ya koyi tuƙi? Ka san ranar da ya ɗauko amarya da raƙumi ya tare hanya?"

"Ban sani ba, Baba."

"Shekara tara, ba ka san mutuminka ba! To ni na sani. Gyara zama. Mardiyya! Kawo wa baƙo ruwa, ki taho da tuwon nan."

Ta fito, idonta jawur. Da ta sunkuya ajiye kwano, ta ce a hankali, "Ka rame, Mai Fensir."

"Ke ma."

"Ni daka ce. Kai fa?"

"Ni ma dakan nake sha."

Ta rufe baki da mayafi.

Tun daga ranar, kowace Alhamis Salman na Tibiri, tsohon na ba da labarin hanya, shi yana zanawa. Sabon littafin, na ƙuruciyar Mani, bai yi cinikin na mutuwarsa ba, amma wanda ya saya wannan wata yakan dawo wata mai zuwa. Salman ya koma bugawa a wani shago. Baba Shu'aibu ya sa aka mayar wa iyayen Abdurrazak goronsu cikin mutunci.

Ranar da Inna Rakiya ta ga mijinta ya share kwano yana ƙyaƙyata dariya har da tari, sai ta ce, "In dai zai riƙa ci haka, ku yi ta zanenku."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Direbobin tashar Dutsi suka jero motoci tun daga Tibiri, suna ta danna oda. Kafin a fita da amarya, Baba Shu'aibu ya lalubo hannun Salman, ya riƙe gam.

"Ga ɗiyata nan. Akwai ranar da kasuwa za ta sake yin sanyi."

"Na sani, Baba. Ranar tare za mu zauna mu jira."

"To, Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya kai ku tsufa tare."

Mardiyya, a ƙarƙashin lulluɓi, tana kuka tana murmushi, ta ce amin.