Motar da Ba a Buɗe wa Ƙofa Ba

Da faɗa a bakinta ta fito daga gida. Tun la'asar mijinta ya ce yana tafe ya kai 'yarsu allura, ga rana ta yi ja, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Ta bar yarinyar wajen maƙwabciya, ta nufi garejin da yake kanikanci tana tsara maganganun da za ta yaɓa masa. Mace ce da ba ta iya barin fushi ya kwana, kuma duk layin an shaida mata haka.

Garejin yana da ƙa'idar da tsofaffin wurin ba sa wasa da ita. In aka jawo motar da ta yi hatsari har aka rasa rai a cikinta, sai a buɗe ƙofofinta huɗu ta kwana a haka, don duk abin da ya biyo ta daga hanya ya samu mafita. Mijin nata yana ce wa wannan camfin malalata. A ranar nan aka jawo irin wannan motar, shi kuwa uban 'yan gaggawa ya jira kowa ya tafi masallaci, ya ɗaga ta da jak ɗaya, ya cire tayoyin gaba, ko katako bai tokara ba, ya shige ƙarƙashinta.

Ana kiran magariba ta shigo. Warin baƙin mai da ƙonanniyar roba ya tare ta. Ƙafafunsa ta hango sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Ƙofofin a rufe ruf.

"Maigida! Yanzu tsakani da Allah wannan gwangwanin ya fi 'yarka?"

Sifana ta faɗi ƙasa.

Sai motar ta yi nishi. Jak ɗin ya fara lanƙwashewa a hankali, kamar ana loda wa motar buhuna. Ta ɗaga ido. Ta cikin tsagaggen gilashin gaba ta ga wani abu a tsugune, ya cika motar, bayansa ya tokare rufin. Ba ta ga fuska ba. Dogayen hannuwa ta gani suna dannawa ƙasa.

"Ki gudu," muryar mijinta ta fito a shaƙe.

Jak ɗin ya fice. Motar ta sauka a ƙirjinsa.

Zuciyarta ta buga har cikin haƙoranta. Yawun bakinta ya ƙafe. Kiran sallar ya ɗauke daga kunnenta, gefen idanunta ya yi duhu, ba ta ganin komai sai gaban motar. Wani zafi ya taso daga cikinta ya cika cinyoyinta da damatsanta. Tsoro ya zo, amma bai samu wurin zama ba, fushin da ta taho da shi ya riga ya cika ko'ina.

"Fita, la'ananne! Ni ban gama da shi ba, kai wa ya ba ka?"

Ta cusa hannuwa ƙarƙashin bamba. Yagaggen ƙarfe ya shige tafinta, ba ta ji ba. Ta ɗaga.

Abin ya danna.

Ta tsagar gilashin wani numfashi ya sauka a goshinta, mai sanyi, mai warin ruɓaɓɓen ruwa.

"Nawa ne," ya raɗa. "Ya taɓa motar."

"Ƙarya kake! Uban 'yata ne!"

Wani abu ya tsinke a bayanta. Ƙararsa ta ji, ba ta ji zafinsa ba. Ta kira sunan Allah da iyakar muryarta, ta ƙara ɗagawa.

Motar ta tashi taƙi guda.

"Fito, kai kuma! Sai na roƙe ka?"

Ya ja jiki da gwiwar hannu. Ta saki. Motar ta dira, gilashin ya tarwatse, wani sanyi ya fito ya goge ta ya wuce.

Masallata suka dawo suka tarar da ita a zaune cikin baƙin mai, jikinta yana ɓari, haƙoranta suna haɗuwa. Aka miƙa mata ruwa, ta kasa riƙe kofin. Ta yi amai. Sai a lokacin zafin ya iso, gaba ɗaya, har ta suma.

A asibiti, nas ɗin da ke ɗinke mata tafin hannu ta ce, "Adirenalin ne, 'yar'uwa. In jiki ya hango mutuwa, wasu 'yan halittu a saman ƙoda ke zuba shi cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma tsoka, zafi ya ɗauke. In ya janye sai karkarwa ta biyo."

Mijin ya rayu da haƙarƙari huɗu a karye. Ita kuma har yau ba ta iya sunkuyawa. Da ya buɗe baki zai nemi gafara ta ce, "Yi min shiru. Tunda ka rayu, za ka ji ta har ka tsufa."

Sai dai duk magariba zuciyarta takan tashi, bakinta ya bushe, damatsanta su ɗauki zafi. Nas ta ce jiki ne ke tunawa. Ita ta san ba tunawa yake ba, don takan ji warin ruɓaɓɓen ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Sai ta ja kujera ta zauna tsakanin ƙofar da mijinta, ta dunƙule hannuwanta masu tabo.

"Shigo mana," takan ce. "Ban huce ba."