Mai Kiwon Cuta

A bakin ruwan Kaoje Munawwara ta fara ganin Sufyan, kuma da faɗa aka soma. Ta yi hayar jirginsa don ɗibar laka, ta juya baya kaɗan, sai bawan Allah ya ga kwalabenta duk ƙazanta, ya wanke su tas da omo.

"Mi ka aikata? Aikin wata ukku ne ka zubar."

Ɗalibar jami'a ce, tana binciken yadda ƙwayoyin bakteriya ke aika wa juna saƙo cikin 'yan ƙunshin da suke ɓallowa daga fatarsu. Burinta ta sauya saƙon, su daina haɗa kai suna cinye shinkafa. Sufyan bai gane ko rabi ba, amma kwana tara ya yi yana nutso yana cika mata kwalabe.

Ran na goma ya turo mata saƙo a waya: "Malamata, ƙwayoyinki ma suna gaisawa. Ni ba a amsa min?"

Ta rubuta: "Har yanzu haushinka nake ji. Ka zo gobe."

Ya zo, ya kuma yi ta zuwa. Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Dela ta ce atafau.

"Ɗiyar da ke kiwon cuta cikin kwalba? Ba ta taɓa min tukunya."

Sufyan ya yi shiru gaban uwarsa, shirun nan kuwa ya fi komai ƙona ran Munawwara. Ta tura masa: "Ka iya nutso, ba ka iya magana ba." Ta saɓi mayafi ta tafi gidan su Sufyan da kanta. Ta tarar Dela na buɗe kwandon kalwa da ta rufe kwana uku, wari ya cika tsakar gida.

"Inna, wa ya mai da kalwag ga daddawa?"

"Ɗumi da ganye mana."

"Irin ƙwayoyin nan nawa ne, Inna. Shekara nawa kina kiwonsu, kina lulluɓe su, gari duka na ci? Sai nawa ne cuta?"

Dela ta daɗe tana duban kwandon, sannan ta ce rashin kunya dai an iya.

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Dela ta kama hannunta ta ɗora kan murfin tukunyarta.

"Allah shi yi albarka, shi ba ku zaman lafiya. Gobe ke za ki girka."