Ɗakin Katako a Kan Bayyara

Saura sati uku a hau Arfa, da hantsi, aka kawo wa Sufeto Hashimu rahoto daga unguwar Mansur. Wani ɗakin katako ya rufta cikin bayyara, wato ramin da ƙazantar bayan gida ke taruwa, kuma tsohon da ke haya a ciki, Malam Dawuda, ya rasu.

Hashimu haifaffen Makka ne, amma Hausar iyayensa na nan daram a bakinsa, shi ya sa aka tura shi, don mutanen wurin Hausawa ne.

Fili ne mai ɗakunan katako goma sha biyu, irin waɗanda ake ɗora wa duwatsu, in an so a ciccibe su a sake musu wuri. Mai filin, Hure, bazawara ce, wata biyu ke nan da ta saye shi don saukar alhazai. An riga an tsare ta. In ya tabbata ta san da ramin, jinin tsohon yana wuyanta.

Ta rantse ba ta sani ba. Ta ce wanda ya sayar mata, Mailafiya, rami ɗaya ya nuna mata, sabo fil, can bayan fili.

Mailafiya kuwa, baki kamar zuma. Ya ce ɗakin shekararsa tara a wurin, ko taki ɗaya bai gusa ba, ramin kuma wataƙila tun zamanin Turkawa ne.

Hashimu bai yi musu ba. Ya toshe hanci, ya leƙa bangon ɗakin da bai faɗa ramin ba. Alamar alƙibla biyu ya gani da gawayi: sabuwa tana duban Harami, tsohuwa ta koɗe tana duban dutse. Maƙwabta suka ce Malam Dawuda ne ya zana sabuwar, yana ta mitar wane ne zai kuskure alƙibla a cikin Makka.

To, ba wanda ya kuskure. Ɗakin aka juya.

Ya sa aka nemo Ɗanjuma, mai yasar ramukan unguwar. Shi ma da farko ya ce bai taɓa taka filin ba.

"Ba takardar zamanka na zo tambaya ba," in ji Hashimu. "Wa ya ɗaga ɗakin?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. "Mu huɗu ne, ranka ya daɗe. Na gaya wa Mailafiya ramin ya cika, bakinsa ya tsage. Ya ce mu rufe da katako, mu ɗora ɗaki kafin mai saye ta zo."

Da aka haɗa Ɗanjuma da Mailafiya a ofis, zumar ta ƙare. 

"Wallahi na zaci katakon zai kai bayan aikin hajji," in ji Mailafiya.

Wannan magana ta ƙona wa Hashimu rai, don a lokacin hajjin, mutum takwas za a zuba a ɗakin. Ya sa aka buga masa ankwa, aka fita da shi.

Sannan ya je da kansa ya buɗe wa Hure, ya ce ta tafi gida, ba ta da laifi. Ba ta tashi ba.

"Ɗana," ta ce, "ni na zaɓa masa ɗakin nan. Na ga ya fi kusa da ƙofa, shi kuma ƙafarsa na ciwo."